Jan Biro a Kan Labarina

Akwai wata ranar Asabar da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran abubuwan da na sani. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna ta sai in ji fuskata ta ɗauki zafi, kamar yanzu abin yake faruwa.

A lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Dutse Uku a Jos, ban yi aure ba. Idan aka ɗauke wuta ko aiki ya lafa, sai in jingina da keken ɗinki in ɗauko waya in yi ta rubuta labari. Ni ba wata marubuciya ba ce, sha'awa ce kawai. Na buɗe guruf a waya, duk ranar Laraba in saka babi guda. Labarin wata yarinya ne, 'yar wani tsohon mahaƙin kuza, wadda ta ƙwallafa rai sai ta zama nas. Masu karatuna ba su da yawa, kuma abin da yawancinsu ke rubuto mini bai wuce "ci gaba" ko "Allah ya ƙara basira" ba.

Mutum ɗaya ce ta fita daban. Wata dattijuwa ce, 'yar ƙabilar Birom, tsohuwar nas mai karɓar haihuwa da ta yi ritaya. Wata da nake yi wa ɗinki ce ta saka ta a guruf ɗin. Ban taɓa ganinta ba, Mama nake ce mata. Duk babin da na saka, kafin gari ya waye Alhamis zan tarar da saƙon muryarta, wani lokaci minti biyar, wani lokaci fiye. Hausarta irin ta mutanenmu na Jos ce da suka koye ta a kasuwa da wurin aiki, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ni ma "ka" take ce mini.

"Ɗiya na, ka yi ƙoƙari," haka take farawa. "Yarinyan nan da ya tsaya a bakin asibiti yana tsoron shiga, ni ne. Haka na tsaya ranan farko. Amma ka gyara abu ɗaya. Ba a ba sabon nas allura a sati na farko, gado zai fara gyarawa. Ni dai na faɗi nawa."

Da wannan take rufe kowane saƙo: ni dai na faɗi nawa. Ita ce ta koya mini yadda ɗakin haihuwa yake wari, da yadda nas take gane mai naƙudar gaske daga tafiyarta. In na rasa hanyar da labari zai bi, ita nake tambaya. Gaskiyar magana, ba don ita ba da na daɗe da ajiye rubutun, don akwai makonnin da saboda in ji me za ta ce kawai nake zama in rubuta.

To, shagon ɗinki wurin hira ne. Wata rana na kunna saƙonta a gaban wasu ƙawayena biyu, niyyata su ji yadda ake yaba ni. Ba su ji yabon ba, Hausar suka ji. Suka yi ta dariya har ɗaya tana riƙe ciki, tana kwaikwayon "yarinyan ya tsaya". Maimakon in tsawata musu sai na taya su. Daga ranar ya zama duk Alhamis sai sun zo a kunna Mama. Ɗayar ce ta ce, "Wallahi ki sa ta a labarin nan, za ki ga yadda guruf zai cika."

Na kuwa sa ta. A babi na tara na shigo da wata mata mai sayar da dankali a bakin asibiti, ban ma ba ta suna ba, Mai Dankali kawai. Na ɗora mata bakin Mama kaf, har da "ni dai na faɗi nawa". Ban tsaya nan ba, na mai da ita sakarya. Ita ce mai shan maganin shafawa, ita ce mai gaida hoton likita a bango. Guruf ya cika kamar yadda aka faɗa. Mutanen da ba su taɓa rubuto kalma ba suka fara tambayar yaushe Mai Dankali za ta sake fitowa. Daɗin abin ya rufe mini ido. Na ce wa kaina ai raha ce, kuma tsohuwa ba za ta gane ba. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali, saƙonninta ba su tsaya ba. Tana yaba yarinyar, tana gyara mini harkar asibiti, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci Mai Dankali ba. Ni kuma wauta ta sa na ɗauki shirun nan a matsayin rashin ganewa.

Bayan na saka babi na goma sha huɗu sai ta kira ni, ta ce tana so in zo gidanta ranar Asabar da rana, akwai masu son ganina. Mahaifiyata ta ɗan yi jim da ta ji unguwar da Mama take, don wanda ya zauna a Jos ya san akwai lokutan da, saboda rikicin addini, mutum yake auna inda zai sa ƙafa. Amma da ta ji muryar Mama a waya tana cewa ita da kanta za ta tsaya a bakin titi ta tare ni, sai ta ce in je.

Na same ta tsaye inda keke ya sauke ni, gajeriya, da tabarau da rigar sanyi ruwan toka. Ta rungume ni kamar ta shekara tana nemana. Muna shiga falo na tsaya cak. Mata ne zaune wajen su goma sha biyu, duk dattijai, wasu da sanda a gefe. Suka ɗauki tafi. Mama ta ce ƙawayenta ne na zumuntar mata a cocinsu, yawancinsu mazansu sun rasu, wasu ido ya yi rauni ba sa iya karatu a waya. Duk mako takan kai babin a buga mata a takarda, ranar Asabar su taru ta karanta musu.

Suka shiga gaishe ni, kowacce da bakinta. "Sannu ɗiya, kai ne mai labarin?" "Ashe ƙaramin yarinya ne!" Duk ɗakin Hausarsu ɗaya da ta Mama. Wato duk ɗakin Mai Dankali ne.

Aka kawo gwate, wato faten mutanen Jos, mai zafi da nama. Mama ta sunkuyo ta ce mini a hankali, "Ka ci da kwanciyan hankali, mayankan Abattoir na je da kaina na sayo, yankan ku ne. In lokacin salla ya yi, na share maka ɗaki, akwai sabon tabarma." Ina kai cokali baki amma ban san ɗanɗanon abin da nake ci ba. Tunanina ɗaya, matan nan sun ji babi na tara, sun ji na goma, sun ji duka. Me suka tara ni su yi mini?

Da aka kwashe kwanuka sai wata mai sanda ta ce yau tunda mai labari ta zo, ita za ta karanta musu sabon babi da bakinta. Sauran suka amsa da murna. Babi na goma sha huɗu kuwa shi ne mafi muni. A cikinsa ne Mai Dankali ta shiga asibiti tana ihu wai ma'aunin zafi ya karye mata a baki ta haɗiye rabi, nas-nas suna dariya har suna faɗuwa. Na ɗauko waya ina neman ƙaryar da zan yi, ko in ce caji ya ƙare.

Mama ta dafa hannuna. "Ajiye waya, idon ka zai yi ciwo. Ga takarda."

Na karɓa. Babina ne, amma jan biro ya bi ta kansa. Duk inda na sa aka yi wa Mai Dankali dariya, an ja layi an soke. Maganar ma'aunin zafi gaba ɗaya an soke ta. A gefen takardar, da ƙananan haruffa masu tsabta irin na wadda ta shekara talatin tana rubutu a katin marasa lafiya, an rubuta wani abu daban. Yarinyar ta fito daga asibiti tana kuka don babbar nas ta yi mata faɗa. Mai Dankali ta kira ta, ta cire rigar sanyinta ta yafa mata, ta ce, "Share hawaye ka koma ciki. Wanda bai yi kuskure ba, bai taɓa aiki ba. Ni dai na faɗi nawa." Hausar matar kuwa ba a taɓa ta ba, an bar ta yadda na rubuta.

Na ɗago na dubi Mama. Ita kuma ta kafa idonta a kan takardar, ta ce, "Fara mana, suna jira."

Na karanta. Ban san yadda muryata ta fita ba. Da na zo wurin rigar sanyi, ɗakin ya ɗauki "Ehe!" da "Haka ne!" Wata ta share ido da bakin zane. Da na gama, mai sandar nan ta kamo hannuna ta riƙe gam.

"Ɗiya, Allah ya yi maka albarka. Tun da nake, ban taɓa jin an sa mai magana irin namu a labari ba, kuma aka ba shi hankali. Kullum mu ne abin dariya. Matan nan mai dankali, shi ne ya fi kowa a labarin."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ce ta rufe. Ana sa mini albarka a kan alherin da ban yi ba, a bakin mutanen da na yi wa izgili. Na ce zan yi alwala, na tashi na bi Mama kicin.

Tana tsaye tana ɗauraye kofuna. Na buɗe baki, kuka ya riga magana. Da ƙyar na ce, "Mama, tun yaushe kika sani?"

"Tun babi na tara," ta ce, ba ta juyo ba. "Mutum zai ji muryan sa ya kasa ganewa?"

"Me ya sa ba ki yi mini magana ba? Me ya sa ba ki zage ni kin fita daga guruf ɗin ba?"

Ta ajiye kofin ta goge hannu. "Ranan da na karanta, ban ci abinci ba. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini zafi. Na ɗauki waya sau uku zan kira ka, na ajiye. Na ce yarinyan nan yana da baiwa, in na yi masa faɗa a waya zai ji kunya ya gudu, labari ya mutu, ni kuma in rasa ɗiya. Kuma matan nan suna jiran Asabar kamar Kirsimeti. Sai na sayi biro."

Ta ci gaba, ba faɗa a muryarta. "Hausan nan da kake ji, shi ne yare na na uku. Ba a makaranta na koya ba, a bakin mata masu naƙuda na koya. Da shi na karɓi haihuwan matan ku na Gangare da ban san iyakan su ba. Ba wanda ya taɓa ce mini in gyara magana kafin in ciro masa yaro. Kai kuma, a yare na, ko sannu ka iya?"

Ban iya ba. An haife ni a Jos, na girma a Jos, ban iya ba. Na durƙusa a kan simintin kicin ɗin na ce ta yafe mini, kuma ta bar ni in fita in gaya wa matan gaskiya.

"Na yafe tun kafin ka zo," ta ce. "Amma ba za ka gaya musu ba. Kana so ka sauke kayan ka a kan su? Sun tsufa, bar su da farin cikin su. Wannan kai za ka ɗauka. Tashi ka wanke fuska, lokacin sallan ka yana wucewa."

Na yi la'asar a ɗakin da ta share mini, na daɗe a zaune bayan na sallame don na rasa da fuskar da zan fito.

A makon nan na goge babi shida daga guruf, na roƙi takardunta na sake rubuta su a kan gyaranta. Na yi bayani a fili cewa na yi izgili da wata baiwar Allah da ba ta cancanta ba. Wasu suka ce na ɓata labari, da yawa suka fice. Ƙawayena biyu da suka zo ranar Alhamis na ce musu an daina, ɗaya ta yi fushi ta ɗauke ɗinkinta. Mama ta ci gaba da turo saƙo har labarin ya ƙare, kuma ba ta sake tayar da maganar ba ko da wasa. Matan zumunta kuwa har yau, waɗanda ke raye a cikinsu, in mun haɗu sai sun sa mini albarka, ni kuma sai in sunkuyar da kai in amsa.

Abin da na koya shi ne, wanda ya yi magana da harshenka ko a karkace, tattaki ya yi ya zo inda kake, kai kuwa kana zaune ba ka taka ko'ina ba. Bai kamata ladan tafiyarsa ya zama dariya ba. Na kuma gane cewa ba tonon asiri ne ya fi gyara mutum ba. Da Mama ta kunyata ni a gaban matan nan, wataƙila da na sami abin kare kaina, in ce ai ita ma ta rama. Sai ta rufa mini asiri a wurin da ta fi kowa ikon tona shi, ta bar ni ba ni da wanda zan yi fushi da shi sai kaina.