Lemon Ba'indiye da Attaruhu

Wani Ba'indiye mai sayen citta a Kafanchan ne ya koya mini lemon kudancin ƙasarsu. Ana matse lemun tsami a ruwan sanyi, a zuba sukari da gishiri kaɗan, a daka ɗanyar citta, a tsaga koren barkono, sannan a kifa kofi kan kofi a girgiza har ya yi kumfa.

Ranar da maƙwabcina, malamin makaranta Kirista, ya zo taya ni buɗa-baki, ɗoki ya hana ni zama, ina so in fita kunyarsa. Da na tashi haɗa masa lemon, ban samu barkonon ba, sai na jefa attaruhu. Na yi bisimilla na miƙa masa.

Ya kurɓa, hawaye suka zubo. "Alhaji, lemo ne ko farfesu?"

Sai ya share ido, ya miƙo kofin yana dariya: "Ƙaro!"