Ranar da Malam Ya Soya Kawunan Rumana

Inna Mai Fure ake ce mata a unguwa, don tun tana amarya take noman rumana a bayan ɗaki, furen nan mai dogon kara da ganye kamar takobi. Ta san zurfin ramin da kowane kai yake so, ta san lokacin kafa wa kara sanda kafin iska ta kwantar da shi. Idan ganye ya bushe sai ta tone kawunan, masu kama da ƙananan albasa, ta shanya su, ta barbaɗe da garin maganin ƙwari, ta rataye cikin raga a ɗakin girki har lokacin shuka ya zagayo.

Mijinta tsohon direba ne, ciwon ido ya zaunar da shi a gida. Amma ya ƙi zama kamar kaya, kullum yana lalube yana neman abin yi.

Wata safiya ta dawo daga kai fure kasuwa, sai ƙamshin suya ya tare ta tun daga ƙofa. Ta leƙa ɗakin girki. Raga a ƙasa, ɓawo warwatse kusa da wuƙa.

"Malam, me ka ci?"

"Ƙwai na soya. Amma albasar nan taki ba ta sa hawaye, ga ɗaci."

"Innalillahi! Nawa ka yanka?"

"Yo na ƙirga ne? Lafiya?"

Ta fizgi mayafi, ta suri kwalin maganin da sauran kawunan, ta ja shi waje da takalmi wari da wari. A mota ya fara riƙe ciki, gumi yana tsattsafo masa. Ita kuwa sai taɓa wuyansa take yi tana cewa, "Yi magana, Malam, kar ka yi shiru."

A asibiti likita ta karanta kwalin, ta tambaye shi ko ya ɓare su.

"Na ɓare, 'yata, na kuma wanke. Ni ba ƙazami ba ne."

Aka ɗaura masa ruwa. Ya yi ta amai har ya galabaita, Inna na riƙe da kwano. Da ya lumshe ido sai ta kai kunne bakin hancinsa. Sai da yamma likita ta ce wanke su da ya yi ya taimaka, amma zai kwana.

Inna ta fita baranda ta kira babbar 'yarsu. Tana jin an ce "Inna?" sai kuka ya ƙwace mata.

Malam ya warke, ya kuma mai da abin labarin ban dariya ga duk mai zuwa dubiya. Ita ba ta taɓa taya shi dariyar ba. Ta sayo akwatin ƙarfe ta huda masa ramukan shan iska, ta zuba kawunan, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.