Kan Dodon da Verl Ya Rufe

Shekara talatin da ɗaya Verl Oaks yana ɓoye da ƙashin kan dinoso, irin ƙattin dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, kuma ba don mugunta ba. Wata saniyarsa ce ta ɓace a kwazazzabon Kogin Yampa, garin nemanta ya ga abin maƙale a bangon dutse, haƙora reras. Ya ɓantari ɗan guntu ya ɗora a harshe, yadda kowa ke gwadawa a nan: ƙashi yana manne wa harshe, dutse kuwa a'a. Ya manne.

To amma ta nan kaɗai shanunsa ke gangarawa ruwa. In ya gaya wa masu kula da gandun dajin gwamnatin da wurin ke ciki, masana za su zo a zagaye wurin da waya, shanu su sha iska ke nan. Sai ya jera duwatsu ya rufe, ya ja bakinsa ya yi gum. Sau ɗaya tak maganar ta suɓuce masa a shagon shan kofi, shi ke nan ya shiga uku.

"Verl, ya Dodo? Ka ba shi ciyawa yau kuwa?"

Haka ya tsufa, gari na kiransa maƙaryaci, abin na cin ransa.

Bara fari ya sa ya sayar da shanun kaf, ga ido ya fara dushewa. Ya matsa wa 'yarsa Ranae ta kai shi wurin a kwalekwale.

"Baba, ƙafarka ba za ta hau can ba."

"Ke dai tuƙa. Mutum ɗaya nake so ya gani kafin idona ya rufe."

Da rarrafe ya hau. Suka ɗage duwatsun, sai ga tsakuwa da gari. Ashe jerin da ya yi ne ke tare ƙanƙara, ruwanta ya shiga ƙashin, ya daskare, ya narke, shekara da shekaru, har ya dagargaza shi. Kaico, da hannunsa ya yi wa kansa.

Ya durƙusa yana lasar tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Can wata ta kama.

"Ranae, ya manne! Ungo, gwada!"

Ba ta karɓa ba. Ta ciro hankici ta share masa ƙasar da ke bakinsa, ta ce a hankali, "Na yarda, Baba. Tashi mu je gida."

Ya san muryar. Da ita take lallashin yara.