Direban da Ke Bayan Jaruma

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina tace fim, wannan Larabar ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina aiki a wani ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ni da wata tsohuwar kwamfuta da sai an lallaɓa ta take buɗe manhajar tacewa. Fim ne na masu ƙaramin ƙarfi, kyamara ɗaya tal, ga darakta mai azarɓaɓi, washegari yake so a ɗora a intanet.

Na zo kan fitowar da jarumar take kuka a bakin titin Unguwa Uku. Sau shida aka ɗauka, sau ɗaya kawai hawayen gaske ya zubo. Ina matsar da hoton a hankali, sai ga wata Adaidaita Sahu ta tsaya a bayanta tana sauke fasinja. Direban ya juyo. Na tsayar da hoton, na ƙara girmansa. Innalillahi! Babana ne.

Babana da kullum yake fita daga gidanmu na Tarauni da kaftani ya sha guga, jakar takardu a hammata, yana cewa ya tafi ofis. Akawu ne a wani kamfani tun ina goye. Sai daga baya na gano an rufe kamfanin tun watanni, bai gaya wa kowa ba, ko Innarmu. Ga shi nan ba hula, gumi ya jiƙa wuyan riga, jakar tana rataye a gefensa. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Tuƙin Adaidaita ba abin kunya ba ne, na sani. Amma shi ya zaɓi ya ɓoye, kuma duk 'yan layinmu sai sun kalli fim ɗin nan, don an ce 'yar gidan akawu ce ta tace.

Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na gwada dusashe bayan hoton, manhajar ta daskare. Na kashe na kunna, aka ɗauke wuta. Da ta dawo na duba sauran ɗauka biyar ɗin, babu ta kirki, a ɗaya ma dariya jarumar take ƙunshewa. Ƙarshe na jawo hoton daf da fuskarta har Adaidaitar ta fice daga allo. Baba ya ɓace, hoton kuma ya yi dishi-dishi.

Bayan la'asar darakta ya faɗo shagon, ya kalla, ya dafe kai.

"Wai ke wannan wane irin aiki ne? Fitowar da ta fi kowacce kyau kika lalata min! Mayar da ita yadda take."

"Ba zan mayar ba."

"Dalili?"

"Haka ya fi taɓa zuciya."

Ni da bakina ba ya mutuwa, ranar ƙaryar da na iya yi ke nan. Ya yi ta faɗa, ya ce daga wannan ba zai ƙara kawo min aiki ba. Lokaci ya ƙure masa, haka ya ɗora shi, kuma bai ƙara kawowa ba.

Ranar Juma'a Inna ta kunna fim ɗin a waya a tsakar gida, ta ce Baba ya zo ya ga aikin 'yarsa. Ni dai ina gefe, ina satar kallon Baba. Da aka zo fitowar, na ga ya ƙura wa allon ido. Ya gane wurin, ya tuna ranar da ya ga masu kyamara.

Inna ta ce, "Nan kuma me ya sa ya yi hazo-hazo?"

Baba ya ce, "Bar ta, ta san aikinta."

Da safe ya ɗauki jakarsa zai fita, sai ya tsaya a zaure, bai ko kalle ni ba.

"Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira."

Na ce, "Amin, Baba. A dawo lafiya."

Bayan wata biyu, shi da bakinsa ya zaunar da Inna ya gaya mata komai. Tun ranar na gane cewa ba duk abin da kyamara ta kama ne nawa ba. Asirin mutum nasa ne, shi yake da ikon zaɓar ranar da zai faɗe shi.