Tsagaggen Karas a Bakin Shagon Kafinta

Kullum mai kayan miya takan riga kafinta isowa. Teburinta yana ƙarƙashin rumfar shagonsa, wurin da ya ara mata tun bayan rasuwar mijinta. A safiyar nan ma ta yaye buhun da take rufe kaya da shi, ta jera tumatir, ta yayyafa wa ganye ruwa. Sa'an nan ta wanke karas ɗaya, ta tsaga shi a tsaye, ta jefa wa tsohon karen da ke gadin shagon ɓari guda.

Ashe kafinta yana laɓe a bayan tulin katako. An fasa shagon maƙwabcinsa, kuma an ce sai da ɓarayin suka saba wa karen wurin da abinci tukuna. Sai ya fito daga maɓoyarsa, ya tsare ta.

"Iya, me kike cusawa a cikin tsagar nan?"

"Me kuwa zan cusa, ɗan nan?"

"Kare da karas? Akuya ce? Ko haushi ya daina yi miki. Wa ya aiko ki? In ba ki faɗa ba, yau za ki kwashe teburinki."

Ba ta da wani wurin da za ta koma. Ta ɗauki ɗaya ɓarin ta tauna a gabansa.

"Haƙoransa sun gaji kamar nawa. In na ba shi a dunƙule, sai ya shaƙe. Kayana a nan suke kwana, shi yake gadinsu. Da ina sayar da nama, da nama zai ci."

"Wancan ɓarin kika ci," in ji kafinta. "Na san abin da ke cikin nasa?"

Wunin ranar idonsa yana kan karen. Da ya kwanta sai ya yi masa fito ya ga ko zai tashi, har ya yanke katakon ƙofa a karkace. Ita kuwa ta ci gaba da auna barkononta.

Da yamma wani baƙo ya leƙo shagon, karen ya yi kansa da haushi har mutumin ya bar takalmi ɗaya.

Kafinta ya daɗe yana shafa haɓa.

"Teburin ya zauna. Amma daga gobe ni zan zaɓi karas ɗin, kuma a gabana za ki tsaga."

"To, ranka ya daɗe. Kai ma in tsaga maka naka?"

Bai yi dariya ba. Ta tattara tumatirin da ya rage, ta rufe kayanta da buhu, ta ɗaure bakinsa da igiya.