Kaset Ɗin da Na Bayar Sadaka

A shekarun da Duwala ta shiga matsi, albashi ya daina fita, kasuwa kan yini a rufe, ni mai tuwon sayarwa ce a unguwar New Bell. Mijina ya rasu, ina riƙe da gida da ido da baki. Ban taɓa shiga aji ba, amma ko allura ba ta shiga gidana ban sani ba. Ɗana na fari ya gama lise, wato sakandare, ya zaga ofisoshi da takardunsa har takalminsa ya huje. A tarbiyyar da aka yi mana, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Na riƙe wannan kunya fiye da kowa a layinmu. In zan ba shi abinci, bango nake kallo in ce ga tuwo nan.

Sai ya haɗu da wasu samari, wani ɗan ƙabilar Basa, wani ɗan ƙabilar Bamileke, da wani Bafulatanin Garwa. Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ba su kaset na wani kiɗan Turawa da suke kira fank, jita kamar ana yanka kwano da zarto, ganga ba hutu, mai waƙa na ihu kamar an taka shi. Suka ce su ma haushinsu ya kai haka. A bayan wani gareji a unguwar Kassalafam suke yi, kuma ɗana ne mai ihun. Mata suka fara yi mini jaje a bakin famfo, wata har da tambayar ko mun gwada masa hayaƙi. Na aika ƙanena ya gaya masa kada in ji wannan hauka a gidana. Bai musa ba. Ƙungiyar ma ba ta ga ƙarshen damina ba. Sau ɗaya suka yi wasa a gaban jama'a, mai garejin ya kore su, mai jita ya sayar da jitarsa ya tafi Gabon.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama yaron, a ranakun da aka tare hanyoyi da tayoyi, ba mota ko ɗaya. A amalanke muka tura shi asibiti, a amalanke muka dawo da shi. Da na shiga ɗakinsa na tarar da kwali cike da kaset, sai tsoro ya kama ni kada wannan kiɗa ya bi shi kabari. Na kai wa wani ɗan Najeriya mai shagon kaset kusa da masallaci, na ce ya shafe su duka ya ɗora karatun Alƙur'ani, ladan ya je wa mamacin. Ya tambaye ni ko na saurara tukuna, yana ta roƙona, Iya, Iya. Na ce masa ya yi aikinsa. Ranar sadakar arba'in aka raba su tare da waina.

Bayan haka mai gangarsu, ɗan Basan nan, ya zo ya durƙusa a ƙofata, yana magana da Fijin, Turancin kasuwa, ƙanena na fassarawa. Wai a kwalin akwai kaset mai ɗigon jan fenti, shi kaɗai aka ɗauka ranar wasansu, babu wani a duniya. Wai da Hausa ɗana yake waƙoƙin, don haka su ma ba su san me yake cewa ba. Ya yi ƙoƙarin rera mini yadda kunnensa ya riƙe, ban tsinci kalma ɗaya ba.

Muka bi gida gida inda aka raba kaset ɗin. Yawanci fatake sun wuce da su ta tashar Grand Hangar zuwa arewa. Mai jan fentin a wurin wani tela muka same shi. Karatu ne tun daga farko, sai can ƙarshe, bayan malam ya rufe, aka ji hayaniyar mutane, sannan muryar ɗana, yana haki, yana dariya, yana ƙirga ɗaya, biyu da Faransanci don su fara wata waƙar. Bai kai uku ba kaset ya ƙare.

Ba na nadamar karatun, Allah ya kai masa ladan. Abin da ke cina shi ne yaron ya tsaya gaban baƙi ya yi ihu da harshena, ni kaɗai ce zan gane, ni kuwa na toshe kunne na kira shi tarbiyya. 'Yan'uwana iyaye, kunya ado ce, amma ba ta amsa sallama. Kafin ku hana, ku saurara ko sau ɗaya. Ni yau na san yadda ɗana ke ƙirga biyu, ban san me ya so ya faɗa ba.