Karnukan Istifanus a Alƙiblata

Shekara goma sha shida ke nan, in ban ɓata lissafi ba, da rasuwar Istifanus, ɗan Kafanchan, abokin zamana a ɗaki ɗaya a Wangsa Maju lokacin da muke karatu a Kuala Lumpur.

Ranar da na tare, na tarar da wani ƙaton hoto a bango, zanen wani Bafaranshe na ƙarni na sha tara. Wai wani masanin Girka ne na dā, ba riga, zaune cikin randa yana kunna fitila da rana tsaka, karnuka huɗu sun zuba masa ido. Istifanus ya ce duk duniya ba wanda ya kai shi hankali, tunda bai taɓa rubuta jarrabawa ba.

"Ustaz, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Da na ji Musulmi ne zai zo, na cire hoton daga gabas na mayar yamma, don ya zama bayanka in kana salla."

Rashin sani ya fi dare duhu. A gida gabas muke fuskanta, amma a Malesiya alƙibla yamma take. Alherin nasa ya ajiye mini karnuka huɗu daidai gaban sallayata. Ta yaya zan faɗa wa mai wannan murna? Sai na koma rataya tawul a kan hoton kafin kowace salla, ina cewa a nan ya fi saurin bushewa. Wata huɗu, ko kusan biyar.

Wata la'asar ya dawo da wuri daga shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ƙullin shinkafa, ya same ni a sujada. Ya jira na sallame.

"Ustaz, tawul ɗin ne ya musulunta, ko duniya ce ta juya?"

Na yi bayani ina in-ina. Ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya ɓata rai. Shiruna ne ya dame shi. "Baƙo ka mayar da ni ke nan?" Nan take ya sauke hoton.

Yau kowace waya tana nuna alƙibla. Ina jin da Istifanus yana raye, da ya ce saura wayar da za ta buɗe wa mai kunya baki. Ba zan ce na warke ba, amma tun daga ranar, in abu ya dame ni game da wanda nake ƙauna, nakan faɗa masa cikin mako ɗaya. Wani lokacin biyu.